Nomau, Mai Yanka Ƙarfen da Ya Gaji

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu, kowa yakan koma gida ya jira koko, ban da Malam Nomau. Shi jakarsa tana jiransa tun a ƙofar masallaci, kusa da takalma. Tsohuwar jakar buhu ce, a cikinta akwai 'yar guduma da tsumma da kwalbar kalanzir, sai garin alli a gwangwanin madara. Daga nan sai tasha. Kafin motocin Agadez su fara lodi ya riga ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya shige ƙarƙashin ta farko, ba ka ganin komai nasa sai tafin ƙafa. Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki, ba kuma wanda yake murnar ganinsa. Direbobi suna hango shi za ka ji wani ya ce, "To, ga Mai-yanka nan, kowa ya kama motarsa." In ya gama da tasha sai ya wuce kasuwar feray, inda ake sayar da tsofaffin ƙarafa, ya bi tuli bayan tuli yana shafa su da yatsa kamar mai tsince wake, har rana ta kore shi.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa, kuma ni malamin makaranta ne, surutu sana'ata ce. A watan nan Nomau ya rataye jakar, ba zai ƙara fita da ita ba. Na duba garin Arlit kaf ban ga mai niyyar ce masa sannu da aiki ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Aikin nan bai ba shi komai ba sai baƙin jini, kuma ya kusa raba shi da abu ɗaya da ya rage masa a duniya, wato 'yarsa Radiyya. Matarsa ta rasu da daɗewa, Radiyya ce kaɗai Allah ya bar musu, kuma an yi wata da watanni ba ta taka ƙofar gidansa ba.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane yadda muka yarda da ƙarfen kamfani ba. A cikinsa muka tashi. Ƙyauren gidana ƙarfen kamfani ne, gadon da aka haifi 'ya'yana a kai ƙarfen kamfani ne, haka murhun mai ƙosai da bencin mai shayi. Duk abin da ma'aikatun garin nan suka zubar, maƙeranmu sun mai da shi abin amfani, kuma bai taɓa ba mu kunya ba. Saboda haka in ka ce wa mutumin Arlit wani abu na kamfani ne, ka gama magana, zai fifita shi a kan sabo fil na kanti. Abin da ba mu tsaya mun lura da shi ba shi ne, ƙyaure da gado a zaune suke wuri ɗaya. Ba wanda yake girgiza su dare da rana.

Nomau mutumin Tawa ne, ya zo Arlit yana saurayi, ya samu aiki a garejin wani kamfanin sufuri da ke kai ma'aikata wurin haƙar ma'adinai yana dawo da su. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ya riga ya mutu. A can ya haɗu da wata injiniya 'yar Maraɗi, Madam Safira, wadda har yau in ya ambace ta sai ya yi mata fatan alheri. Ita ce ta zo da wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwallon dabino ba. Shi yake manna ta a jikin ƙarfen ƙarƙashin mota, a ja waya zuwa kwamfutarta, su bi hanyar da motar take bi kullum, na'urar tana ɗaukar duk wata jijjiga.

Ya sha ba ni labarin abin da ta koya masa, har na haddace. Ta ce girgiza biyu ce ke cin ƙarfen mota. Ta farko ta inji ce, mai tsari, kamar mace tana daka, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa. Ta biyu ta hanya ce, ba ta da tsari ko kaɗan, yanzu ƙaramin tsalle, anjima rami, ba ka san abin da zai biyo ba. Da kowacce ita kaɗai take zuwa, da ƙarfe ya jure ta shekara da shekaru. Amma tare suke zuwa, kuma duk lokacin da bugun hanya ya faɗo daidai kan bugun inji, ƙarfen yakan lanƙwashe fiye da yadda ɗayansu zai iya lanƙwasa shi. Ido ba ya ganin lanƙwasar. Sai dai kowacce tana gutsurar wani abu daga ƙarfinsa, kuma abin da ta gutsura ba ya dawowa. Ranar da ya ce bai gane ba, ta ba shi guntuwar wayar ƙarfe ta ce ya yi ta lanƙwasawa yana miƙarwa. Da ya yi nisa ta karɓa ta miƙar da ita sarai, ta goge, ta tambaye shi ko ya ga wani aibi a jikinta. Ya ce babu. Ta mayar masa, lanƙwasa ɗaya ya yi ta rabu biyu.

"Ƙarhe shina gajiya, Malam, kamar mutum," haka yakan ce mini. "Bambancin, shi ko ka aje shi shekara goma ba ya hutawa ya warke."

Madam Safira ce take zama da abin da na'urar ta ɗauko ta lissafa tsawon aikin da kowane ƙarfe zai yi kafin a daina amincewa da shi. Lissafin ba ya faɗin ranar da zai karye, iyakarsa ya ce daga nan babu tabbas. In wa'adin ya cika sai a kwance ƙarfen, ko da yana walƙiya. Nan aikin Nomau yake farawa. Yakan buga masa ɗigo uku da ƙusa a kusa da wuya, alamar an sallame shi, ya jefa shi a tuli, in tulin ya taru ya kunna wutar yankan ƙarfe ya raba kowanne biyu don kada ya sake hawa wata mota. Daga nan ya samo sunan Mai-yanka. Abokan aikinsa sun sha roƙonsa ya bar musu ko ɗaya su fitar, bai taɓa yarda ba. Shekara talatin da ɗoriya yana riƙe da injin gurza ƙarfe da guduma, su ma suna girgiza hannunsa.

Sai kamfanin ya rushe. Aka sallami ma'aikata, Madam Safira ta koma garinsu, aka rufe garejin da babban tuli a ciki wanda an buga masa ɗigo amma ba a kai ga yanka shi ba. Wani ɗan kwangila ya kwashe komai ya zube a kasuwar feray. 'Yan kasuwa suka wanke, suka shafa fenti, suka jera. Wa zai ƙi ƙarfen kamfani? Tun daga ranar Nomau ya ɗauki jaka. Fenti yana rufe ɗigon ga ido, amma yatsa yana jinsu. In ya samu a kasuwa yakan zauna ya yi ta magiya har mai kaya ya gaji ya yarda a mai da shi ƙafar benci. In kuwa ya samu a jikin mota, sai rigima.

Kai ne, Nomau, ka kwanta a cikin baƙin mai da fitsarin awaki a ƙarƙashin motocin mutanen da ko gaisuwarka ba sa amsawa. Kai ne aka kira mahaukaci, aka kira mai baƙin ciki, ka karkaɗe rigarka ka wuce mota ta gaba. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Mijin Radiyya direba ne, Harisu, yaro mai ladabi ɗan Damagaram, yana da motar fasinja tasa ta kansa da yake zuwa Agadez da ita. Kowa ya san yadda suruki da suruki suke a wurinmu. Harisu ba ya haɗa ido da Nomau, ba ya ci a gabansa, in sun haɗu a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa. Nomau shi ma yakan kauce masa, har motarsa ba ya dubawa sai ya tabbata mai ita ba ya kusa. A shekarar da aka rufe iyakoki, sandar sitiyarin motar Harisu ta lanƙwashe, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafafun gaba. Sabuwa ba ta samuwa. Ya shiga kasuwar feray ya samo wata mai kauri tana sheƙi, aka ɗaura masa.

Wata safiya ina tasha zan aika saƙo, sai na ga Nomau ya fito daga ƙarƙashin motar Harisu fuskarsa ta canja. Harisu yana can wurin mai shayi, fasinjoji sun fara zama. Nomau ya ja ni gefe, tunda ba ya iya yi wa surukinsa magana kai tsaye.

"Malam, tahi ka gaya wa yaron nan, wanga ƙarhe ni na buga mishi ɗigo da hannuna. Kada motar ga ta tashi."

Na je na faɗa. Harisu ya sunkuyar da kai ya ce, "A gaya wa Baba na ji, na gode. In Allah ya dawo da ni lafiya zan canja." Ya ci gaba da lodi. Ban ga laifinsa ba, mota ta cika, ga iyali, ga ƙarfe lafiyayye a ido.

Nomau ya juya. Ya taka zuwa wurin mai walda da ke bakin tasha, ya jawo tukwanen gas da kansa, ya ce fasinjoji su sauka. Suka sauka suna tsammanin gyara ne. Ya kwanta ya kunna wuta. Kafin Harisu ya ratso mutane ya iso, sandar ta faɗo ƙasa gida biyu.

Harisu ya tsaya, karo na farko a rayuwarsa ya dubi surukinsa ido cikin ido.

"Baba, me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komi ba."

"Ina tsagewar? Nuna mini, a gaban mutane."

"Babu tsagewa da za ka gani."

"To don me?"

Radiyya 'yar fari ce, kuma tunda nake da Nomau ban taɓa jin ya kama sunanta ba, sai dai ya ce yarinyar nan. Ranar a tsakiyar tasha, gaban 'yan kamasho da masu tallar ruwa, ya ce, "Ba ni barin Radiyya ta yi takaba ina gani."

Da la'asar Radiyya ta zo gidan ubanta. Ina jinta ta katanga, ba ta shiga ba, a bakin ƙofa ta tsaya. Ta ce, "Baba, ba ƙarfe ka yanka ba, abincin bakinmu ka yanka, kuma ka kunyata shi a gaban jama'a." Ta juya. Daga ranar kwanon tuwonsa bai daina zuwa ba, don 'yar halak ce, amma a hannun matata yake isowa. Salla ta zo ta wuce ba ta leƙo ba. Motar Harisu tana kan duwatsu a ƙofar gidansu tana jiran sabuwar sanda daga nesa, shi kuma yana kabu-kabu da babur ɗin aro. Nakan ji tsohon da hantsi yana share tsakar gidan da ba mai zuwa, abin yana ci mini rai.

Wani abu kuma yana cin nasa ran. Ya tuna sanduna biyu aka kwance rana ɗaya daga motoci biyu masu bin hanya ɗaya, ya samu ɗaya, saura ɗaya. Amma abin da ya yi wa surukinsa ya tsorata direbobi. Suka fara gudunsa, wasu suka daina kwana a tasha, suka koma lodi a bayan kasuwa. Cikinsu har da Mano, wani direba mai fara'a wanda fasinjojin Harisu suka koma wa, galibinsu mata 'yan kasuwa masu sarin kayan miya a Agadez. Motarsa kaɗai ta rage Nomau bai shafa ba. Ya bi shi har bayan kasuwa ya roƙe shi ya bar shi ya taɓa kawai, ba wuta, ba guduma. Mano ya yi dariya ya tare gaban motar.

"Motana lafiya lau yake, tsoho. Wanda ya yanka na surukinsa, ni mene zai bar mini?"

Nomau ya kai magana ga shugabannin tasha, suka ce ya kawo shaida. Ba shi da ita.

Wata rana da tsakar rana abin ya faru da motar Mano, a inda kwalta ta mutu motoci suke sauka su bi gefe a kan burji mai tudu-tudu. Waɗanda suka tsira sun ce ba gudu ake ba, ba kuma rami aka faɗa ba. Sun dai ga Mano yana juya sitiyari, motar ba ta bin hannunsa. Ta bar hanya ta wuntsila. Mano bai kai asibiti ba. Talatu mai tumatur, wadda duk unguwarmu a wurinta muke saye, ita ma ta tafi, da wasu matan da na san fuskokinsu tun suna 'yan mata. Ɗakin asibiti bai ɗauki gawarwakin ba sai da aka shimfiɗa wasu a baranda. Jandarmomi suka kawo guntun sandar. Fiye da rabin bakin karayar sumul yake kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi, alamar ya daɗe yana ci a ɓoye, ɗan abin da ya rage ne kawai ya ɓalle da ƙarfi. Ɗigo uku suna nan a wuyansa ƙarƙashin fenti.

Za ka zaci daga nan garin ya gane. Ina! A wurin zaman makoki, ina zaune, wani ya ce da Mai-yanka bai yanka motar Harisu ba, da matan nan suna cikinta, da yanzu suna gidajensu. Wasu suka gyaɗa kai. Na tashi zan yi magana, Nomau ya riƙe mini riga. A hanyar gida ya ce, "Ƙyale su, Malam. Ni na sauko da su daga waccan, wagga kuma ban kai gare ta ba." Har yau in na tuna maganar nan sai zuciyata ta yi zafi. Mutum ya yi iyakar abin da ɗan Adam zai yi, sannan ya ɗauki gawarwakin a kansa, mu da muka saya muka shafa fenti muna zaune muna gyaɗa kai.

Bayan an share makoki, wata ranar da hantsi ina zauren Nomau sai ga Harisu da buhu a kafaɗa. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya zazzage guntayen sandarsa biyu. Ashe ajiye su ya yi. Ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Baba, a duba mini. Ina so in sani."

Nomau ya goge ƙarfen, ya shafa masa kalanzir, ya bar shi ya tsuma, ya share, ya barbaɗa alli. In akwai tsagewa, kalanzir ɗin da ya shige ciki yakan fito ya ja layi a kan allin. Muka zuba ido. Allin ya zauna fari fat.

"Ke nan lafiyarta lau?" in ji Harisu.

"Ban sani ba. Wataƙila da ta kai ka shekara. Wataƙila da ba ta kai ka Agadas ba. Hanya ba ta gaya ma kowa bugun da za ta yi gobe."

Ya so ya nuna masa ɗigon, ya kai yatsa wuyan sandar yana lalube. Ya wuce su, ya dawo, ya sake wucewa. Ni daga inda nake ina hango su, don alli ya cika ramukan. Harisu ya yi ta kallo, can ya miƙa hannu ya kama yatsan surukinsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗora shi daidai a kansu.

"Ga su nan, Baba."

Nomau ya sake shafawa. Sannan ya ce, "Ba ni jin su."

Ba mu san Radiyya tana tsaye a bayan ƙyaure ba, ashe tare suka zo, ta kasa shigowa. Sai ga ta a tsakiyar zaure da kwano a hannu. Ta dire shi, ta durƙusa ta kama hannun ubanta tana juya shi. Yatsun sun yi fari, sun kanannaɗe, ga tabon ƙuna a kan biyu da bai ma san lokacin da ya ƙone ba.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun bayan salla sunka hwara mutuwa."

"Kuma kake shiga ƙarƙashin motoci?"

"Da na bari, wa za ya shiga?"

Sai ta miƙe. Ta ɗauki kwanon ta wuce cikin gida da shi, muka ji tana jawo tabarma tana faɗan yadda aka bar randa ba ruwa. Tsohon ya juya fuskarsa ga bango, ni da Harisu muka fita muka ba shi wuri.

Likita ya ce jijiyoyin yatsun ba za su dawo ba, girgizar shekaru ce ta cinye su. Shi ya sa ya rataye jaka.

Nomau na Tawa, mai yanka don a rayu, mun gode. Ba za ka taɓa sanin mutum nawa ne suke yawo a garin nan saboda kai ba, su ma ba za su sani ba, wasunsu ma har yanzu suna zaginka. Allah ya san su, shi zai biya ka. Allah ya jiƙan Mano da Talatu da sauran, ya sauke maka nauyin da ka ɗora wa kanka, don ba naka ba ne.

Ku kuma mutanen Arlit, musamman masu gareji da direbobi, tulin nan bai ƙare ba, yana nan warwatse a kasuwa da ƙarƙashin motocin da 'ya'yanmu suke hawa. Ku yi ƙyaure da ƙarfen kamfani, ku yi gado, amma kada ku ɗaura shi inda zai yi rawa. Wanda yatsunsa suke da rai ya je ya zauna gaban tsohon nan ya koya tun yana iya magana. Jakar tana rataye a ƙusa a zaurensa, har yau ba wanda ya zo ya ɗauka. Jiya da safe na leƙa, na tarar da Radiyya tana ɓalla masa maɓallan riga, shi kuma ya karkata kai yana sauraren motocin Agadez suna tashi daga tasha.